Kafin a ce iska ce, a tambaye ta yaushe rabonta da barci

Bara wata ƙanwata ta haihu, ɗan fari. Da aka gama wankan jego ta koma ɗakinta, a irin sababbin unguwannin nan masu doguwar katanga da ba ka jin ko tarin maƙwabci. Maigidan yana fita da sassafe, sai bayan isha'i. Wata biyu da komawarta na leƙa ta da azahar. Labule a sake, ɗaki duhu, shayin safe yana nan a kofi ko kurɓa ba ta yi ba, yaro yana tsala kuka ita kuma ta zuba masa ido.

Na ce, "Ke, lafiya?"

Ta ce, "Yaya, ni dai komai ya fita raina. Wanka ma sai na yi da gaske."

A gida magana ta rabu biyu. Gwaggo ta ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Kawu ya ce rashin godiyar Allah ne, mace ga miji ga ɗa, me kuma take nema? Duk cikinmu babu wanda ya tambaye ta awa nawa take runtsawa.

Ni ba na ja da addu'a, kowa ya sani. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke tsallake abin da ke gaban idonmu. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini. Idan mutum ya kai mako 2 cikin ƙunci, abin da yake so a da ya daina burge shi, barci da cin abinci suka rikice, likitoci suna ɗaukar abin da muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta masu fama da shi da kusan miliyan 280, ta kuma ce sama da kashi 10 cikin 100 na masu ciki da masu jego yana taɓa su.

Babba yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9. Ita kuwa shayarwa sau uku a dare, ga zafin Afrilu ba wuta, in yaro ya yi barci sai ta ɗauki waya tana kallon ɗakunan amaren TikTok har kiran assalatu. Wace ƙwaƙwalwa ce za ta jure wannan wata da watanni?

Sai kaɗaici, wanda a ganina shi ne babba. Iyayenmu sun yi jego a tsakar gida mai cike da mutane. Faccala ta karɓi yaro, wata ta dama kunu, ana surfe ana hira, rana tana dukan jiki. Ba cewa nake yi babu fitina a gidan yawa ba, akwai ta har da ƙari. Amma mace ba ta wuni ba ta yi magana da kowa ba. Yanzu daga gado sai kujera, alhali ana son babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako.

Samari ma suna da nasu: zaman banza, bashi, sai a fake da tiramol ko kodin don a manta. Gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma damuwar da ke kai yaro gare shi tana nan.

Da ƙyar na shawo kan maigidan muka je asibiti, don da an ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai hankalin mutane ya tafi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau a Kano. Aka auna jini, ashe ya yi ƙasa sosai tun haihuwa. Likitan ya duba har maƙogwaronta, ya ce matsalar da ke kawo maƙoƙo da ciwon suga duk suna iya jefa mutum cikin wannan hali. Aka ba ta maganin ƙarin jini, aka haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa.

Gwaggo kuwa ta tattaro kayanta ta tare a gidan, da tofinta da garin kununta. Ita ke kwana da yaron, ƙarfe goma kuma take karɓe wayar. Har yau tana nan a kan cewa tofin ne ya yi aiki, ni kuma ban taɓa musa mata ba.