Ga mai ƙirga kwafin DNA da layi ɗaya

Akwai wani a cikinmu da ya cika mana kunne kwanan nan da cewa ya gano sauyin adadin kwafin DNA a kowane ƙarin ciwon daji da ya auna, alhali iyakar aikinsa shi ne ya ja layi ɗaya a kan jadawali, abin da ya haura layin ya kira shi ƙaruwa, abin da ya faɗo ƙasa ya kira shi ɓacewa. Ba zan kama suna ba, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Da ya tsaya ya tambayi masu duba tsoka a ƙarƙashin madubin likita, da sun gaya masa cewa naman da ake yankowa daga ƙari gauraye yake da lafiyayyun ƙwayoyin halitta, kuma wannan gaurayen yana dusashe alamar sauyin adadin kwafin. Idan samfurin duka ƙwayoyin daji ne, ƙaruwar kwafi daga 2 (adadin lafiyayyar ƙwaya) zuwa 3 tana ba da kusan 0.58 a ma'aunin log2, wato ma'aunin da ake kwatanta adadin kwafin samfuri da na asali da shi a jadawalin. Idan kuwa kashi 30 cikin 100 ne kawai na daji, sai ta sauko kusan 0.2, wato ta ɓuya a ƙarƙashin layin da malam yake taƙama da shi. Ga kuma ƙarin dajin da ya ninka dukkan kuromosom ɗinsa (ƙunshin DNA da ke cikin ƙwayar halitta), wanda kwafi 4 ne ma'auninsa na asali, amma jadawalin malam yana nuna shi lafiya lau.

Waɗannan matsaloli ba yau aka san su ba. Tun 2004 Olshen da abokan aikinsa suka fito da dabarar CBS ta yanka kuromosom gunduwa-gunduwa bisa gwajin ƙididdiga, sannan a 2010 Van Loo da nasa abokan aikin suka kawo dabarar ASCAT, wadda take ƙiyasta gaurayen da ninkin a lokaci ɗaya. Tsokar da aka adana a sinadarin fomalin ma DNA ɗinta a kakkarye yake, tana cika jadawali da tudu da gangaren ƙarya, kuma ina kyautata zaton rabin abin da ake yi mana shela daga can ya fito.

Adadin kwafin ƙwayar gado ta HER2 a kuromosom na 17 yana cikin abin da likita ke dubawa kafin ya ba mai ciwon dajin nono maganin trastuzumab, saboda haka lissafin ba na ado ba ne. A taro na gaba za mu nemi malam ya faɗa mana kashi nawa ne ƙwayoyin daji a kowane samfurinsa, kuma gara ya zo da amsar a rubuce.