Rufin kwano ba ya tare ƙurar nukiliya

Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗin nukiliyarta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Kwame Nkrumah bai ɗauki abin da wasa ba, har ya sa aka riƙe kadarorin Faransa da ke Ghana. Yau kuwa ka ɗauko zancen a majalisar Nima ko Mamobi, unguwannin zango na Accra, sai a ce wa zai ɓarnatar da bam a kan Accra. Da gaskiyarsu, yarjejeniyar Pelindaba da ta fara aiki a 2009 ta haramta makamin a Afirka. Sai dai 'ya'yanmu sun cika Amurka da Jamus da Ingila, ƙura kuma ba ta neman biza.

Idan bam ɗin ya tashi, wanda ya ga hasken da ya fi na rana kada ya kalla, kada ya ruga taga. Ya kwanta rub da ciki, ya rufe kai. Ƙarfin fashewar yana biyo bayan hasken da 'yan daƙiƙoƙi, shi ne ke watsa gilashi a fuskar mai leƙe.

Bayan nan akwai kamar minti 10 kafin ƙurar ta fara sauka, kuma a nan shawarar Turawa ta "shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa" ba ta yi mana rana. Gidajen zango akasari ƙasa suke, da rufin kwano. Ƙurar takan kwanta a kan kwanon, tururinta mai guba, wanda ido ba ya gani, ya ratso kwanon kamar babu komai, mutum yana zaune mita biyu a ƙasa yana ganin ya tsira. Nauyi ne ke tare shi: kankare mai kaurin santimita 6 yana rage shi da rabi, dandaƙaƙƙiyar ƙasa kuwa sai ta kai santimita 9. Don haka a nufi bene na kankare, masallaci ko makaranta, a zauna a tsakiyarsa, nesa da rufi da bangon waje. Mota ba mafaka ba ce.

Haƙuri ne sauran maganin. Bayan awa 7 ƙarfin tururin yana komawa kashi ɗaya cikin 10, bayan awa 49 kashi ɗaya cikin 100. Awa 24 na farko ba a fita, ko don ɗauko yara daga makaranta. Da ciwo, amma uban da ya fita ya kwashi ƙura, ya kuma fito da yaran cikinta.

Wanda ƙurar ta taɓa ya tuɓe tufafin sama a hankali, ya ƙulle su a leda. Wannan kaɗai na iya raba shi da kashi 90 cikin 100 nata. Sai wanka da sabulu, ba tare da dirzar fata ba. Ruwan duro da ke buɗe a tsakar gida ya haramta. A nan ruwan leda ya yi mana gata: buhu ɗaya leda 30 ne, lita 15, mutum biyar a kan lita 4 kowanne suna bukatar buhu huɗu na kwana uku. A tanadi bokiti mai murfi, tunda bayin unguwa a waje yake, da rediyo mai batir. Kada a hura gawayi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa zai kashe mutane kafin ƙurar ta yi komai. Ƙwayar aidin da ake zuzutawa ƙullin wuya da ake kira thyroid kawai take karewa, ba a sha sai hukuma ta ce.

Abin da ya rage aikin shugabanni ne. Ya kamata hukumar NADMO, mai kula da bala'o'i a Ghana, ta zauna da sarakunan zango da limamai a ƙidaya benayen kankare na kowace unguwa, a san mutum nawa kowanne zai ɗauka, a kuma san wanda mabuɗin yake hannunsa da tsakar dare.