Toshe bakin kompaila ba gyaran manhaja ba ne

A shekarar 2006 wani mai kula da OpenSSL, manhajar da ke ƙera makullan sirri, a Debian, wani reshen Linux, ya kashe layuka biyu na kod, saboda Valgrind, manhajar da ke farautar kurakuran ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta dame shi da ƙorafi a kansu. Ƙorafi ya tsaya, kowa ya huta. Sai a watan Mayun 2008 Luciano Bello ya bankaɗo ɓarnar: ɗaya daga cikin layukan nan shi ne ke sa makullan sirri su gagari mai canka. Kusan shekara biyu, makullan SSH, na shiga kwamfuta daga nesa, da aka ƙera a Debian da Ubuntu ba su wuce iri dubu 32 da ɗoriya ba a kowane nau'i. Garin neman gira an rasa ido.

Valgrind ba kompaila ba ce, wato manhajar da ke fassara kod zuwa harshen kwamfuta, amma cutar ɗaya ce da wadda ke kama masu sharar kod a buɗaɗɗun manhajoji. Mutum ya ɗauki aikin da ake haɗawa da kompaila uku, GCC a Linux, da Clang a macOS, da MSVC a Windows, ya ga gargaɗi ɗaruruwa na sauka a allo, sai ya ɗaura ɗamarar mayar da su sifili. Nan ne nake da ja. Sifili na da sauƙin samu, kuma hanya mafi kusa ita ce mafi muni.

Ɗauki lamba mai nau'in long a harshen C. A Linux mai bit 64 faɗinta bit 64 ne, a Windows kuwa bit 32. Idan MSVC ta ce za a iya asarar bayani wajen zuba girman fayil a cikinta, gaskiya ta faɗa. Mai gaggawa zai tilasta wa lambar ta shiga, kompaila ta yi shiru, ranar da wani ya buɗe fayil da ya haura gigabait 2 lissafi ya kife. Gyaran gaskiya shi ne a canza nau'in zuwa wanda zai ɗauki lambar, kamar int64_t ko size_t, a bi duk inda lambar ta ratsa. Aiki ne mai cin rai, shi ya sa ake gudunsa.

Wani gargaɗin kuma ra'ayin kamfani ne kawai. Gargaɗin C4996 na MSVC yana tsangwamar umarnan C irin su fopen da strcpy, yana tallar fopen_s da 'yan uwanta, alhali glibc, taskar umarnan C da ake amfani da ita a Linux, ba ta da su. Wanda ya bi shawarar ido rufe ya faranta wa Windows, ya karya Linux. Irin wannan a kashe shi a wuri guda, a rubuta dalili.

Kada a ɗauka ina cewa a ƙyale gargaɗi su taru. Kuskuren tsaro na Apple da ake kira goto fail a 2014 layi ɗaya ne da ya maimaitu, kuma Clang na da gargaɗin da zai iya tona shi da an kunna. Amma ko an kunna, wa zai hango layi ɗaya a cikin dubu da ido ya saba tsallakewa?

Sai batun -Werror, mai mayar da kowane gargaɗi kuskuren da ke tsayar da aiki. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, ya kunna shi a Linux 5.15 a watan Satumbar 2021, cikin 'yan kwanaki koke ya yi yawa, aka taƙaita shi ga haɗin gwaji. A ganina nan ne muhallinsa: a injin gwajin masu aikin, inda suka san sigar kompailar da ke hannunsu. Idan aka sake shi a cikin kod ɗin da jama'a ke saukewa, duk sabuwar GCC da ta zo da sabon gargaɗi za ta hana wani bawan Allah haɗa manhajar da babu abin da ya same ta.

Mai son shara ya turo gyaransa daki-daki, gargaɗi iri ɗaya a faci ɗaya, wato kunshin gyara guda, kada ya cakuɗa shi da sabon aiki. Idan layin ya shafi makullan sirri, ya tambayi masu kod ɗin na asali kafin ya taɓa.