Mudun da ake auna Turancin 'ya'yanmu da shi a huje yake

Tun ranar da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya tsaya gaban wani taro a Abuja cikin Nuwamban 2025 ya ce an soke koyarwa da harshen uwa, daga yanzu Turanci ne tun daga rabin aji har jami'a, mutane ke ta kai ruwa rana kan martabar Hausa da Yarabanci da Ibo. Ni ba a nan abin ya tsaya mini a rai ba. Hujjar da ya kafa ce ta dame ni: wai yara na faɗuwa warwas a WAEC da NECO da JAMB a shiyyoyin da suka rungumi harshen gida. Wato dai an ɗauki sakamakon waɗannan jarrabawowi an mayar da shi sikelin da ba ya ƙarya. Taron ma, in ba a manta ba, British Council, hukumar Birtaniya mai yaɗa Turanci da al'adunta, ce ta shirya shi, amma bari mu bar wannan.

To mu duba sikelin. A shekarar ta 2025, ƙarshen watan Mayu, kowa ya ga hotunan yara suna rubuta jarrabawar Turanci ta WAEC cikin dare, wasu da tocila, wasu da fitilar waya, wasu da kyandir, saboda takardun sun makara bayan an yi zargin tambayoyi sun fita. A farkon Agusta hukumar ta sanar cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne kawai suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Aka yi ta salati, aka zagi malamai, aka zagi wayar salula, aka zagi iyaye. Ba a rufa mako ba sai ga hukumar ta dawo tana ba da haƙuri, ta ce an duba tambayoyin canki-canka na Turanci da amsoshin da ba nasu ba, adadin gaskiya kashi 62.96 ne. Cikin 'yan kwanaki, dubban ɗaruruwan yaran da aka ce ba su iya Turanci ba suka wayi gari sun iya. Babu wanda ya ƙara musu darasi ko ɗaya. Da irin wannan mudun ake so a auno makomar karatun ƙasa baki ɗaya.

Kuskure dai kowa na yin sa, kuma sun gyara. Abin da ba su gyara ba, ba kuma wanda ke maganarsa, shi ne ita kanta jarrabawar a ranar da komai ya tafi daidai.

Turancin WAEC takarda uku ne. Akwai canki-canka, akwai insha'i da auna fahimta da taƙaitawa, sai ta ukun wadda yara ke kira "oral", wato jarrabawar magana. Tambaya sittin ce cikin minti arba'in da biyar. Duk wanda bai taɓa shiga ɗakin ba zai zaci a nan ne ake jin bakin yaro. Ina! Tsit ake yi kamar maƙabarta. Fensir ne da takarda: ga kalma, zaɓi wadda wasalinta ya yi amo ɗaya da nata, ga wata, nuna gaɓar da ake dannawa, ga alamar sauti, nemo kalmar da ke ɗauke da ita. Yaro zai shiga ya fito da maki mai kyau a jarrabawar magana, bai buɗe baki ba, ba kuma a furta masa kalma ko ɗaya a kunne ba. Abin haushin, hukumar nan ɗaya ce, amma a Gana da Gambiya da Saliyo takarda ta uku ta sauraro ce, ana kunna murya yaro ya ji ya amsa. Mu da Laberiya ne aka bar wa ta kurame.

'Yar ƙanwata ta rubuta tata a 'yan shekarun nan. Kafin jarrabawa na same ta a tsakar gida kan tabarma, ta ninke wata tsohuwar takardar tambayoyin baya, tana ta maimaita alamomin sauti kamar mai tilawa. Ta haddace cewa "ph" a kalmar phone da "gh" a kalmar laugh sauti ɗaya ne, ta san baƙaƙen da ake rubutawa ba a furtawa. Na ce, "To Ummi, gaya mini da Turanci abin da kika ci da safe da yadda aka dafa shi." Ta ɗago ta kalle ni, ta rufe baki da gefen hijabi tana dariya, ta ce, "Kai Kawu, ai wannan ba ya fitowa a jarrabawa." Gaskiyarta. Ta samu kiredit ɗinta, kuma ban ga laifinta ba, ban ga na malaminta ba. Malami abin da za a tambaya yake koyarwa, in ya tsaya koya wa yara hira cikin Turanci, mai makaranta ne zai fara tambayarsa me ya sa sakamako ya yi ƙasa.

Abin mamaki, mu ne bai kamata a koya wa yadda ake gwada harshen da ba na gida ba. Je ka kowace makarantar allo ko Islamiyya. Wane alaramma ne zai ba almajiri fensir ya ce ya zagaye A ko B don a gane ko ya iya fitar da "ladi" daga mafitarsa? Zaunar da shi yake yi ya ce biya, ya kasa kunne, in ya kauce ya tsayar da shi. A musabaƙa alƙalai na zaune, yaro na karantawa, ƙararrawa na jiran kuskure. Shi ya sa yarinya daga ƙauyen da ba wuta ba asibiti take zuwa ƙasar Larabawa ta ciyo gasa. An gwada ta a kan abin da ake so ta iya, sai ta iya shi.

Masu Turancin ma haka suke yi. Ɗan Najeriya ya gama digiri da Turanci, ga kiredit ɗinsa na WAEC a hannu, amma sau da yawa in zai je karatu ko aikin jinya a Ingila sai an ce ya kawo takardar jarrabawar iya Turanci ta IELTS, ya biya maƙudan kuɗi, bayan shekara biyu kuma takardar ta mutu. Mukan kira wannan raini, kuma akwai rainin a ciki. Sai dai a can ana gwada sauraro da karatu da rubutu da magana, har a zaunar da kai gaban mutum na kusan minti goma sha biyar yana yi maka tambaya kana amsawa. Turai tun 2001 take da matakai shida, daga A1 zuwa C2, waɗanda ke faɗin abin da mai koyo zai iya aikatawa da harshen: zai iya sayayya a kasuwa, zai iya bin lacca, zai iya musu. Gwajin ƙasa da ƙasa na PISA na ƙungiyar ƙasashe ta OECD, da ake yi wa 'yan shekara 15, a 2025 ya shigar da Turanci a matsayin baƙon harshe karon farko, da karatu da sauraro da magana a ciki. Namu C6, wato ƙaramin kiredit na WAEC, me yake faɗa game da yaro? Cewa zai samu gurbi a jami'a, shi ke nan.

Masu goyon bayan minista na cewa ai Turanci ba baƙon harshe ba ne a Najeriya, harshen hukuma ne. Su je Kazaure ko Illela su faɗa wa ɗan aji ɗaya haka. Masu cewa kuma yara miliyan biyu sun yi yawa a saurari kowanne, su tuna WAEC tana yin jarrabawar baki a Faransanci, tana kuma shirya jarrabawar gwajin Kimiyya a makarantu duk shekara.

Sannan ga lissafin da ɗan firamare zai iya yi. Manufar koyarwa da harshen uwa har aji shida a ƙarshen 2022 aka amince da ita, zamanin Malam Adamu Adamu, kuma shi da bakinsa ya ce sai an tanadi littattafai da malamai kafin ta kankama. Yaron da ya zauna WAEC a 2025 ya bar firamare tun 2019. Ta yaya manufar da ba a haifa ba lokacin da yake firamare ta kayar da shi? In kuma ana nufin tsohon tsarin nan na shekara uku na farko, wanda tushensa ke rubuce tun 1977, kowa ya san yadda yake a aikace: littafi da Turanci, jarrabawa da Turanci, malami na fassarawa da Hausa don shi ma Turancin bai zauna masa ba. An bar jaki ana dukan taiki. Gwaji na tsanaki da aka taɓa yi a ƙasar nan, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida, aka ba su Turanci a matsayin darasi a hannun ƙwararren malami, ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa.

Ba na cewa yaranmu sun iya Turanci. Da yawa ba su iya ba, har da masu kiredit, kuma duk malamin jami'ar da ya duba takardun 'yan aji ɗaya ya sani. Cewa nake yi ba mu da abin da zai gaya mana iyakar inda suka tsaya, ko a ina suke tuntuɓe, a kunne ne ko a baki ko a alƙalami. Kafin a sake taɓa harshen koyarwa, WAEC da NECO su fara da mafi sauƙi: a ba mu takardar sauraro irin ta Gana. Lasifika ɗaya da batir sun isa ɗaki guda. Daga baya a ɗauki samfurin makarantu a kowace jiha, 'yan aji shida na firamare da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, a zaunar da yaro minti biyar a ji bakinsa, a buga sakamakon kowa ya gani. In ya so sai minista ya dawo da hujjarsa mu sake zama.