Yadda na kai ƙarar katin hoto Titin Beirut

Tun da labarin ya riga ya zaga ta bakin wanda bai kamata ba, gara in faɗe shi da kaina. Kun san na daɗe ina kuka da kwamfutar tebur da nake haɗa bidiyon bukukuwa da ita, saboda haka da kuɗi suka ɗan taru na je Titin Beirut, kasuwar kayan kwamfuta ta Kano, na sayo katin hoto na hannu, wato na'urar da ke sarrafa hoton da kwamfuta take nunawa a allo, samfurin RX 580 mai gigabait 8. Na dawo gida na zura shi a dogon gurbinsa na kan madabod, wato babban faifan da sassan kwamfuta suke haɗuwa a kansa, har ya yi ƙas, na ɗaure da sukurori, na mayar da wayoyi yadda suke, na kunna. Fankoki suka juya, fitilar gaba ta kama, amma monita ta rubuta mini No Signal, ta ɗan jira, sannan ta yi baƙi ƙirin.

Duk abin da mai ilimin kwamfuta zai yi na yi shi, kuma ina so a riƙe wannan. Na ciro RAM na goge haƙoransa da kilinar yara, na mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Na cire ɗan batirin nan na madabod, CR2032, na jira saitin BIOS ya koma yadda ya zo. Na duba wayar wutar katin mai fil 8, domin gurbin madabod wat 75 kawai yake bayarwa, alhali wannan kati yana jan kusan wat 185, kuma ba zai tashi ba sai an ba shi tasa wutar daga gefe. Da na ga akwatin wutata, wanda ke raba wa kayan cikin kwamfutar wuta, bai kai ƙarfin da ake so ba, sai na tafi har Hotoro na aro na surukina mai wat 500, bayan ya sa na saurari tarihin yadda ya saye shi. Uwargida ta leƙo a tsakiyar aikin ta tambaya ko wayar monita tana inda ya kamata, na ce mata wannan ba harkar talabijin ba ce. Maganar da ta biyo baya tsakanina da ita ba a nan za a yi ta ba.

Daga nan zargina ya koma kan mai shago. Kowa ya san tun da manhajar kuɗin intanet ta Ethereum ta daina amfani da katunan hoto wajen haƙa, wato samar da sababbin kuɗin da kwamfuta, a watan Satumba na 2022, katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, kuma RX 580 yana cikin waɗanda suka fi shan wannan wahala. Na kwana ina tsara jawabina. Da safe na ɗauki akwatin kwamfutar gaba ɗaya na rungume shi a cinya cikin adaidaita sahu kamar mai kai mara lafiya asibiti, kuma direban ya caje ni kuɗin mutum biyu.

Shagon a cike yake. Na dire akwatin a kan kanta, na yi sallama a taƙaice, na fara bayani da muryar da ta isa har shagon maƙwabta. Na ambaci amana, na ambaci haƙƙi, na ce mutane na kirana Injiniya tun kafin a buɗe wannan shago. Mai shagon bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama sai ya turo mini monitarsa ya ce, "Yallaɓai, haɗa ta yadda ka haɗa a gida mu gani." Na karɓi wayar HDMI na soka ta a ramin da ta saba zama shekara da shekaru, can sama kusa da ramukan USB, na danna maɓalli. No Signal ta fito a gaban kowa, na juyo na kalli jama'a na buɗe hannuwa.

A kusurwa akwai yaron shagon, wanda ba na jin ya gama ƙaramar sakandare, yana zaune a kan kwali yana cin awara. Bai ajiye ledar ba. Ya taso, ya goge hannun dama a wando, ya leƙa bayan akwatin, ya zare wayar daga sama, ya ɓantale wata 'yar baƙar roba daga bakin katin da farcensa, ya soka wayar a nan ƙasa, ya sake kunnawa. Ina ji a jikina tun kafin hasken ya zo. Tambarin Windows ya fito fes, ɗigon nan suka fara zagayawa, hoton ɗiyata da ke kan allo ya bayyana yana yi wa dukan shagon murmushi. Yaron ya ce, "Injiniya, an ce idan aka sa kati, madabod tana kashe nata ramin ta bar wa katin aiki," ya miƙo mini 'yar robar a tafin hannu, da ɗan yaji a jikinta, ya koma kan kwalinsa. Na karɓa. Har yau ban san dalilin da ya sa na karɓa ba, kuma na ce masa na gode har sau biyu. Wani ya yi tari a bayana, wani kuma ya fita waje da sauri, ina jiyo shi yana ƙyaƙyatawa a bakin ƙofa. Ni dai ra'ayina bai sauya ba: kamfanin da ya toshe ramuka da baƙar roba a jikin ƙarfe mai duhu, da mai shagon da ya sayar bai ce uffan ba, kowannensu yana da kasonsa.

Amma yaron ban riƙe shi a zuci ba, wanda na riƙe shi ne dattijon nan mai jar dara da ya zo a zuba masa tawadar firinta. Lokacin da nake jawabi shi ne ya fi kowa zuga ni. Yana buga sandarsa a ƙasa yana cewa, "Faɗa masa gaskiya, ɗana, haka suke yi wa bayin Allah." Har ya ba da shawarar a kira shugaban kasuwa. Hoto yana fitowa sai ya gyara zama ya ce shi tun shigowata ya lura wayar ba a mazauninta take ba, kawaici ne ya hana shi magana. Mutumin da minti kaɗan kafin nan ya tambayi mai shago ko firinta tana buƙatar layin waya! Na ce, "Baba, ai da ka taimaka ka faɗa." Ya ce babba ba ya katse mai ilimi. Bai tsaya nan ba, sai da ya tambayi unguwarmu da sunan mahaifina, na faɗa saboda ladabi, ashe sahu ɗaya suke sallar Juma'a da surukina. Wannan ne ya sa kafin la'asar aka bugo mini daga Hotoro ana tambayar lafiyar Injiniya.

Katin yana aiki, har na fitar da bidiyon bikin Ɗorayi da ake ta yi mini waya a kansa. Agogon kwamfutar ne ya rikice tun da na cire batiri, sai da na gyara shi da hannu. Surukina yana son a mayar masa da akwatin wutarsa, ni kuma tsohon nawa ba zai ɗauki katin ba, saboda haka dole in sayi sabo. Zan aiki ƙanina ya sayo, na rubuta masa wat 500 a takarda.