Kwalejin nazarin halittu ba mafakar waɗanda suka rasa likitanci ba ce

A jami'o'i da dama, ɗalibi yakan shiga kwalejin nazarin halittu ne ransa a ɓace, domin likitanci ya nema, makinsa bai kai ba, aka tura shi can. Wasu iyayen ma sukan karɓi labarin tamkar an yi musu rashi. A ganina wannan kallo kuskure ne, kuma yana cutar da ɗalibin da kwalejin baki ɗaya, domin wanda zuciyarsa take wani wuri ba zai natsu ya koyi abin da aka kafa wurin dominsa ba.

Sau da yawa likita yana aiki ne da abin da masanin halittu ya riga ya gano. A shekarun 1960, wani masanin ƙananan halittu mai suna Thomas Brock ya riƙa ɗibar ruwa daga maɓuɓɓugan ruwan zafi na gandun Yellowstone da ke Amurka, yana son sanin ko akwai halittar da za ta iya rayuwa cikin irin wannan zafi. A 1969 shi da ɗalibinsa suka bayyana wata bakteriya mai suna Thermus aquaticus, wadda take hayayyafa a ruwan da zafinsa ya kai digiri 70 a ma'aunin Celsius. A lokacin babu wanda ya san ranar da za ta yi. Daga jikinta aka samo sinadarin da zafi ba ya lalatawa, wanda ya sauƙaƙa gwajin PCR, gwajin da duniya ta dogara da shi wajen gano cutar korona a 2020. Haka binciken Gregor Mendel kan gadon siffofi, wanda ya wallafa a 1866, ya zauna ba a kula shi ba sai a 1900.

Sai dai kwalejojin su ma suna da nasu laifin, kuma wannan ne ya fi damuna. Ilimin halittu ba a koyonsa da hadda. Ɗalibin da ya ɗiga ruwan tafki a kan gilashi, ya sa ido a madubin ganin ƙananan halittu, ya yi ta murza maɓalli a hankali har dishi-dishin ya washe, sannan ya ga wata halitta mai ƙwaya ɗaya tana iyo tana kauce wa datti, ya samu abin da babu littafin da zai ba shi. Wanda kuwa ya kammala digiri yana kwafar hoton ƙwayar halitta daga allo, idan ya raina fanninsa bai kamata a zarge shi ba.

Saboda haka, duk lokacin da hukumar jami'a ta zauna rabon kuɗi, ina roƙon a fara da madubai, da firjin ajiye samfura, da wutar da ba ta yankewa a ɗakin gwaji, da ƙwararren ma'aikacin da zai kula da kayan, da motar fita da ɗalibai daji da bakin kogi, kafin a kai ga sabon ginin ofis.