Galahanga gado ce, amma ba irin gadon sikila ba

Da an ce larura tana bin jini, sai hankalinmu ya tafi ga sikila: a yi gwaji kafin aure, mai AS ya kauce wa mai AS, shi ke nan. Fargabata kada a ɗauki wannan ma'auni a ɗora wa galahanga, larurar nan da ke sa yaro ƙin haɗa ido da mutane, bakinsa ya yi nauyi, ya yi ta maimaita abu ɗaya.

Cewa akwai gado a ciki, babu ja. A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka bi haihuwar tagwaye 21 a Ingila, kowacce da mai galahanga a ciki. A cikin 11 masu kama ɗaya sak, huɗu an tarar duka biyun suna da ita. A cikin goman da ba su da wannan kamar, ko ɗaya ba a samu ba. Wani bincike na 2019, kan mutum sama da miliyan 2 a ƙasashe biyar, ya kiyasta rabon gado da kusan kashi 80 cikin 100. Wannan kaɗai ya isa ya wanke uwa, wadda a Amurka aka daɗe ana zargi da rashin jan ɗanta a jiki, a wurinmu kuma a ce ita ta kwaso aljanu da fitar tsakar rana tana da ciki.

To amma sikila ƙwayar gado guda ce ke haddasa ta. A galahanga, bincike ɗaya na 2020 ya lissafo ƙwayoyin gado 102, kuma wasu sauye-sauyen da ake samu a cikinsu ba a jinin uwa ko uba suke ba, a kan yaron suka fara. Da yawa daga cikin ƙwayoyin nan aikinsu yana mahaɗar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke miƙa wa juna saƙo.

A nan ne zancen ya fi daɗi. A 2010 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 32, rabinsu masu galahanga, suka kuma duba ƙwayar gado mai suna CNTNAP2. Yaran da ke ɗauke da nau'inta mai haɗari, sashen gaban ƙwaƙwalwarsu ya cika sadarwa a tsakanin kansa, amma hanyarsa zuwa sassan baya ta yi rauni, tamkar unguwa mai lunguna birjik da babu babban titin fita. Abin da aka fi tsallakewa shi ne, an ga wannan tsari har a yaran da lafiyarsu ƙalau, matuƙar suna ɗauke da nau'in. Wato ƙwayar tana karkata yadda ƙwaƙwalwa ke shimfiɗa hanyoyinta, amma ita kaɗai ba ta yanke hukunci. A 2014 kuma masana a Jami'ar Kolombiya suka nuna cewa ragin mahaɗai da ƙwaƙwalwa ke yi yayin da yaro ke tasowa ya kai kusan rabi a sauran yara, a masu galahanga kuwa kashi 16 kacal.

Ni dai ba na ɗaukar waɗannan hotuna da zafi. Yara 32 ba yawa ba ne, kuma a 2012 an gano cewa ɗan motsin kai a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa yana iya sa hanyoyin nesa su fito kamar masu rauni. Yaro mai galahanga kuwa kwanciya cik ba ta zo masa da sauƙi. Ƙari a kan haka, galibin jinin da aka yi binciken gado da shi na Turawa ne. Shi ya sa har gobe likita da lura da ɗabi'ar yaro da sauraron iyayensa yake gane larurar, ba da hoto ba.

Saboda haka wanda ya fasa neman aure a wani gida don an ce akwai mai galahanga a dangi, ya yi ne da zato, domin babu gwajin da zai tabbatar masa shi kansa ba ya ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi. Inda sanin gadon ke da amfani shi ne kan ƙanne: kusan ɗaya cikin biyar na ƙannen mai galahanga kan zo da ita. Irin wannan gida ya sa ido tun da wuri. Idan ƙaramin ya kai wata 18 ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, a kai shi wurin likitan yara, kada a tsaya jiran baki ya buɗe da kansa.